Ranar da Aka Ɗauke Kabtin a Tsakiyar Fili

Shekaru sun tura, har ta kai jikokina na yi mini dariya idan na kira wannan da sunan wancan. Abubuwa da yawa sun zube daga kaina, wasu ma da gangan na bar su suka zube. Amma akwai wani al'amari da ya faru a kan idona a Jidda, a farkon shekarun saba'in, wanda na tabbata ba zai rabu da ni ba sai ranar da aka mayar da ƙasa a kaina. Ban taɓa ganin ƙauna ta rikiɗe ta zama cuta cikin ƙanƙanin lokaci kamar a wannan karon ba, kuma a hannun mutumin da na fi girmamawa a duniya bayan mahaifina.

A Nuzla aka haife ni, a nan kuma aka haifi mahaifiyata. Kakanninmu ne suka taho aikin Hajji a ƙafa, suka sauke farali, hanyar komawa ta yi musu nisa suka zauna. Unguwar talakawa ce a lokacin, gidajen katako da kwano sun fi na siminti yawa, sana'o'inmu kuma sanannu ne: masu ga-ruwa, masu wanki da guga, masu tsire, 'yan dako a tashar jiragen ruwa. Wanda Allah ya ɗaga a cikinmu shi ne kawuna, yayan mahaifiyata, mai babban shagon yadi a kasuwar Bab Makka. Mutum ne mai buɗaɗɗen hannu ƙwarai. Marayun da ya aurar da gawarwakin da ya yi wa likkafani, shi kansa bai san yawansu ba. Aibinsa ɗaya ne: ba ya ɗaukar raini ko kaɗan, kuma idan ransa ya ɓaci ba ya shawara da kowa.

Shi ya buɗe wa 'ya'yan unguwa makarantar gaba da firamare. Kwaleji muke ce mata don alfahari, alhali wani tsohon gida ne mai hawa biyu da ya saya ya gyara. Ni ina koyar da lissafi, kuma ni ne idonsa a wurin, duk abin da ya taso ta bakina yake ji.

Mutumin da wannan labari ya shafa Bahaushen Sudan ne. Ya buga ƙwallo a can har ya yi suna, sai gwiwa ta ci amanarsa ya ajiye. Ya zo aikin Hajji, a hanyarsa ta komawa ya shiga shagon Kawu zai saya wa matarsa yadi, Kawu ya ji Hausa a bakinsa, hira ta yi hira. Kafin ya bar shagon an gama magana. Kawu ya tsaya masa a matsayin kafili, ya yi masa iƙama, wato takardar izinin zama, ya ba shi aikin koyar da motsa jiki a makarantarmu. Ga wanda bai san tsarin ba, baƙo ba ya zama a ƙasar sai da ɗan ƙasa da ya tsaya masa, kuma zamansa da aikinsa da fitarsa duk suna rataye a hannun wannan mutumin. A lokacin ba wanda ya kawo wannan a ransa. Mu dai mun ga Kawu ya sake yin alheri kamar yadda ya saba.

Kabtin muke ce masa, yadda ake kiran masu horar da 'yan ƙwallo a can. Dogo ne, baƙi, yana ɗan ɗingishi, ba shi da yawan magana. Filinmu wani fegi ne mai gishiri-gishiri a bayan unguwa, ragar kuma bututun ruwa ne da wani maƙeri ya haɗa mana. A nan ya tara yaran da rabinsu ba su taɓa sa takalmin ƙwallo ba. Ban taɓa jin ya ɗaga wa yaro murya ba. Idan yaro ya yi kuskure sai ya kira shi gefe, ya tsuguna ya zana masa a ƙasa da yatsa. Da ƙafarsa yake zuwa gidan kowane uba ya nemi izini kafin ya sa ɗansa a ƙungiya. Kuma ya kafa doka: duk wanda ya faɗi jarrabawa ba zai taɓa ƙwallo ba sai ya gyara. Wallahi ni na fi kowa cin ribar wannan doka, don yaran da a da nake bi da bulala su ne suka koma suna bi na har gida in sake yi musu bayanin darasi.

Cikin 'yan shekaru yaran nan suka zama abin tsoro a gasar makarantun Jidda. A shekarar da nake magana, mu muka ɗauki kofi, kuma waɗanda muka doke a wasan ƙarshe su ne 'yan wata babbar makaranta ta 'ya'yan attajirai da ke wajen Aziziyya, masu zuwa fili a motar kansu da riguna iri ɗaya masu sheƙi. Ranar nan Nuzla ta dagule da murna. Mata suna rangaɗa guɗa ta saman katanga, masu tsire suka raba na ranar kyauta, tsofaffin da ba su san ƙwallo zagaye take ko mai kusurwa ba suna rungumar juna. Kawu ya yanka raguna, ya ɗauki kofin ya kai shagonsa ya ɗora a kan bandir ɗin yadi inda duk mai wucewa zai gani. Ku fahimce ni, ba ƙwallo kaɗai ba ce. Mutanen da suka saba kiranmu Takari suna yatsina fuska, su ne yanzu ke tsayawa a ƙofar shagon suna cewa, "Mabruk ya Hajji." Abin da Kawu ya daɗe yana nema wa mutanensa ke nan, ya kuma same shi ta hannun Kabtin.

Ba a daɗe ba aka ga motar shugaban waccan makaranta a ƙofar ɗakin Kabtin. Kafin magariba labari ya gama unguwa, kowa da irin nasa ƙarin. Abin da ya tabbata shi ne sun yi masa tayin albashin da ya ninka namu, da gida mai na'urar sanyaya ɗaki, da kuma abin da ya fi tsorata ni: za su kawo masa matarsa da 'ya'yansa mata daga Sudan. Na san yadda yake kewarsu. Na sha ganinsa a bakin teku da yamma yana kallon yamma, wajen Sudan.

Sai unguwa ta tashi tsaye, kowa da dabararsa ta riƙe shi. Wani kafinta ya je ya sauya masa rufin ɗaki ba tare da an sa shi ba. Mata suka shiga aika abinci, har ya rasa inda zai ajiye kwanuka, ya koma kiran yaran ƙungiya suna taya shi ci. Liman ya yi huɗuba a kan falalar zama da talakawa, yana yi yana satar kallon sahun da Kabtin yake. Wani mai wanki ya rantse ba zai sake karɓar ko sisinsa ba. Yanzu idan na tuna sai in yi murmushi, amma a lokacin da gaske muke, ji muke kamar za a cire mana wani abu a jiki.

Ni na tare shi bayan atisaye, yana tattara ƙwallaye a buhu. Na ce, "Kabtin, mutane ba sa barci. Gaskiya ne za ka tafi?"

Ya ɗaure bakin buhun a hankali, sannan ya ce, "Malam, sun zo, sun yi magana, na saurara. Na aika wa iyalina, don da hakkinsu a ciki. Idan na gama shawara, Baba Alhaji zai fara ji daga bakina."

Kawu yake nufi, haka yake kiransa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Haka Allah ya yi shi, ba ya fitar da magana sai ta nuna. Na je na sami Kawu, na roƙe shi ya kira shi su zauna, ya ƙara masa albashi, ya yi masa alkawarin kawo iyalinsa. Kawu ya ce duk zai iya, har fiye da haka. "Amma ba zan bi shi ina roƙo ba. Ni na ɗauko shi. Idan yana da bukata ya zo ya faɗa mini, ai ya san hanyar shago." Na koma wurin Kabtin, ya ce shi ba ciniki yake yi da kansa ba, balle ya je ya faɗi farashi. Haka na yi ta kai da kawowa tsakanin mutum biyu masu ƙaunar juna, kowanne yana jiran ɗayan ya fara buɗe baki.

Ana cikin haka, wata ranar da hantsi ina shagon, ga 'yan kasuwa maƙwabta sun taru ana shan shayi, sai wani direban tasi ɗan unguwarmu ya shigo yana haki. Bai ko tsaya ya ja Kawu gefe ba. A gaban kowa ya ce yanzu ya sauke fasinja a Aziziyya, ya ga Kabtin da idonsa cikin fararen kaya ya fito daga waccan makaranta, shugabanta na riƙe da hannunsa suna dariya, har bakin ƙofa ya rako shi. Sai wani Balarabe mai shagon turare, wanda suka saba tsokanar juna da Kawu, ya kwashe da dariya ya ce, "Ya Hajji, kai ka yi kiwo, wasu za su sha nono. Sai ka shirya mayar musu da kofin nan baɗi."

Na ga jijiyar wuyan Kawu ta tashi. Ya ajiye finjalin shayinsa, ya dubi kofin, ya ce, "Halas." Wato magana ta ƙare. Ni a wautata na ɗauka ya haƙura ne, har tausayinsa ya kama ni.

Ba a rufa mako ba. Bayan la'asar ne, iskar teku ta fara kaɗawa, yara suna tsakiyar atisaye, ni ina zaune a kan wata tsohuwar taya a gefen fili. Sai ga wata mota ta baro hanya ta shigo cikin filin kai tsaye, ta tsaya a tsakiya. Jami'ai biyu suka fito, na ukunsu kuma magatakardan shagon Kawu ne, wanda ke yi masa zirga-zirgar ofisoshi. Shi ya nuna musu Kabtin da hannu, kansa a sunkuye. Na taso da sauri. Da kunnena na ji babban cikinsu yana cewa kafilinsa ya kai ƙara cewa yana shirin guduwa ya yi wa wasu aiki, ya kuma janye tsayawar da ya yi masa. Za a tsare shi har jirgin ruwan Sudan ya tashi, a sa shi a ciki.

Na ce, "Wane kafilin? Akwai kuskure! Ni ɗan ƙanwarsa ne!" Jami'in ya nuna mini sa hannun. Na san sa hannun Kawu kamar yadda na san tafin hannuna.

Kabtin bai yi gardama ba. Ya dubi magatakardan ya daɗe, ya tambaye shi da Hausa, "Baba Alhaji da kansa?" Mutumin ya gyaɗa kai, hawaye na zubo masa. Sai Kabtin ya cire usur daga wuyansa, ya miƙa wa babban yaron ƙungiyar, ya ce, "Ku ƙarasa. Saura bugun kusurwa." Ya nemi izini ya sa takalminsa, aka ba shi. Ya shiga mota da ɗingishinsa.

Ba wanda ya ƙarasa komai. Yaran sun tsaya cak kamar an dasa su, sai da motar ta juya sannan wani ya fasa ihu, suka bi ta a guje gaba ɗaya, ƙafa ba takalmi, suna kiran "Kabtin! Kabtin!" har bakin kwalta. Mata suka fito ƙofar gida da lulluɓi a karkace suna salati. Ni ko motsi na kasa. Ƙwallon tana nan inda aka bar ta, iska na ɗan gangara ta.

Ban san yadda na isa Bab Makka ba. Na tarar da Kawu yana auna wa wata mata yadi, hankalinsa kwance. Na jira ta fita, na ce, "Kawu, me ka yi?" Ban taɓa yi masa irin wannan tambaya ba tun da aka haife ni.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ni na kawo shi, ni na mayar da shi. Idan ba zai yi mana ba, ba zai yi musu ba."

Na ce, "Ko tambayarsa ba ka yi ba."

Ya ce, "An gan shi da ido. Yalla, tafi, ina da ciniki."

Na tsaya ina kallon mutumin nan. Hannun da ya share hawayen rabin Nuzla, shi ne ya sa aka ɗauki bawan Allah kamar ɓarawo a gaban ɗalibansa. Abin da ya fi girgiza ni shi ne babu alamar mugunta a fuskarsa. Gani yake ya kare mutuncin unguwa.

Washegari da safe makaranta ba ta yi karatu ba, yaran sun zauna a tsakar gida sun ƙi shiga aji. Sai ga motar nan da ta jawo duk wannan ta tsaya a ƙofarmu. Shugaban makarantar Aziziyya ne da kansa, wani dattijon Bahijaze mai tabarau, fuskarsa a murtuke. Ya ce labari ya iso masa, in kai shi wurin mai makarantar yanzu-yanzu. Na shiga motarsa muka tafi.

A shagon ya ƙi zama, ya ƙi shayi. Ya ce, "Ya Hajji, ka san abin da ya kawo mutuminka wurina? Ya zo ya ce mini a'a. Ya ce tunda na taka har ƙofarsa, bai dace ya ƙi ni ta bakin ɗan aike ba. Na ƙara masa a kan abin da na faɗa da farko, ya yi dariya. Ya ce mutumin da ya ɗauke shi yana ɗingishi, ba wanda ya san shi a ƙasar nan, ba zai juya masa baya ranar da ya yi suna ba. Ya ce matarsa ma ta aiko cewa ya zauna inda aka san darajarsa tun ba shi da komai, za su ƙara haƙuri. Na riƙe hannunsa na raka shi ƙofa saboda ya burge ni, na ce ina ma a ce ina da irinsa. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa, wai yana so ranar Juma'a bayan an sauko ya zo ya gaya maka da bakinsa."

Sandar awon da ke hannun Kawu ta faɗi ƙasa. Ya laluba bayansa kamar makaho ya zauna a kan bandir. Leɓunansa suna motsi, da ƙyar na ji yana maimaita Innalillahi. A gabana, cikin wannan ɗan lokaci, na ga ya tsufa. Ni kuma sai na tuna Juma'ar da ake magana ita ce gobe.

Bai ko rufe shagon ba. Muka bi ofis-ofis yana cewa ya janye ƙara, kuskure ne, shi ya yi kuskuren. Aka ce ana iya gyarawa tunda jirgi bai tashi ba, amma sai an ji ta bakin mai iƙamar. Da rana tsaka aka bar mu muka shiga wurin da ake tsare da su kusa da tashar jiragen ruwa, wani dogon zaure mai zafi cike da mutanen da ke jiran a mayar da su ƙasashensu. Kabtin yana zaune a ƙasa ya miƙe ƙafar nan mai ciwo, da kayan atisayen da aka ɗauke shi da su. Da ya gan mu ya yunƙura ya tashi tsaye, saboda ladabi.

Kawu, wanda ban taɓa ganin ya rusuna wa kowa ba, ya kama hannunsa da hannu biyu yana kuka kamar yaro. "Ɗana, na zalunce ka. Na ji komai. Na janye. Ka yafe mini, ka zo mu tafi gida. Iyalinka ni zan kawo su, gida ni zan gina maka."

Na saki ajiyar zuciya, na ce a raina shi ke nan, Allah ya kawo ƙarshen abin. Ashe ban ji komai ba tukuna.

Kabtin ya bar shi ya gama. Sannan ya ce, a hankali yadda ya saba, "Baba Alhaji, na yafe maka duniya da lahira. Alherinka a kaina ya fi wannan yawa. Amma ba zan sake kwana da sunanka a kan iƙamata ba. Duk shekarun nan na ɗauka uba ne ya tsaya mini. Jiya na gane cewa duk ranar da ranka ya ɓaci, mota za ta iya shigowa fili. Ba zan iya tsayawa a gaban yaran nan ina koya musu su ɗaga kai ba, alhali na san haka. Ko a sa ni a jirgi, ko a mayar da ni hannun wani."

Na roƙe shi. Liman ya zo da yamma ya roƙe shi. Iyayen yara suka yi ta aike. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba, bai kuma sauya ko harafi ɗaya ba.

To, hannun wa? Muka zauna a masallaci bayan sallar Juma'a, ranar da ya so ya kawo mana albishir, muna lissafa mutanenmu ɗaya bayan ɗaya. Masu takardar zama 'yan ƙasa a cikinmu ba su da yawa, kuma aka ce tunda a matsayin malami ya shigo, sai wata makaranta ce za ta iya karɓarsa. Jirgi kuma an ce yana dab da tashi. Kowa ya san amsar, ba mai son ya furta. Wani tsoho mai ga-ruwa, wanda ɗansa ne mai tsaron ragarmu, shi ya yi ta maza. Ya ce, "Jama'a, gara mu riƙa hango shi a Aziziyya da a ce teku ta raba mu. Yana da 'ya'ya mata da yake ciyarwa. Mu muka jawo masa, mu za mu kai shi."

Haka aka yi, kuma har yau idan na tuna sai in ji kamar a mafarki na gani. Mu ɗin nan da muka sauya rufi, muka aika kwanuka, muka yi huɗuba don kada a ƙwace mana shi, mu ne muka cika motoci biyu muka nufi Aziziyya. Liman, da kafinta, da mai wanki, da ni, da Kawu a gaba cikin alkyabbarsa ta zuwa Idi. Muka tsaya a ofishin mutumin da muka ɗauka maƙiyinmu ne, muna roƙonsa don girman Allah ya taimaka ya karɓi Kabtin. Dattijon ya cire tabarau ya goge idonsa. Ya ce, "Wallahi na so shi, amma ba ta wannan hanya ba." Aka kawo takardar sauya kafili. Na dafa wa Kawu takardar, ya sa hannu.

A shekarar da ta biyo baya muka haɗu da su a gasa. Kafin a busa, Kabtin ya tsallako fili da ɗingishinsa, ya bi yaranmu ɗaya-ɗaya yana gaisawa da su, yana tambayar kowa jarrabawarsa. Babban cikinsu ya kasa daurewa ya faɗa ƙirjinsa. Sannan ya koma wancan gefen ya yi aikinsa tsakani da Allah, suka ci mu. Ba wanda ya ji haushinsa. Kawu bai zo ba, bai ma sake taka filin ƙwallo ba har ya bar duniya. Mun ɗauko wasu masu horarwa bayan haka, amma abin bai sake ɗinkuwa ba, a hankali ƙungiyar ta watse.

Kabtin ya kawo iyalinsa. Ya nema wa wasu yaranmu gurbin karatu kyauta a can, ɗaya daga cikinsu har ya zama likita. Duk Sallah sai ya zo Nuzla ya gaida Kawu, ya durƙusa kamar da. Da Kawu ya kwanta ciwon ajali yana cikin masu jinya, kuma da kafaɗarsa aka ɗauki makara. Amma aiki a ƙarƙashinsa, ko sau ɗaya ba a sake tayar da maganar ba. Kawu ya taɓa ce mini, ana saura kaɗan ya rasu, "Da na taka na je ɗakinsa na tambaye shi, da shi ke nan. Tafiyar ba ta kai ta shan shayi ba."

Abin da na ɗauka daga wannan al'amari, na kuma riƙe shi a aikina da gidana har na tsufa, shi ne mutumin kirki ba a tsare shi da ƙarfi. Abokan hamayya sun zo da gida da albashi sun kasa ɗaukarsa, mu da muke ƙaunarsa muka kore shi da hannunmu a yini ɗaya. Idan Allah ya ba ka iko a kan wani, ranar da ka yi amfani da shi cikin fushi, ranar ka rasa mutumin, ko da ya yafe maka. Kuma duk abin da aka ce an gani da ido, kafin ka yanke hukunci, tashi ka je ka tambayi mai shi.